Ranar da Na Shafa wa 'Yar Mai Wanki Ƙasa

Na yi finafinai da dama, wasu har na manta unguwannin da muka ɗauke su, amma akwai wata Juma'a a unguwar Mayo da ba na jin ko tsufa zai iya goge mini ita. Duk sa'ad da ta faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ce a ɗaki sai na sunkuyar da kai.

Tun kafin yaƙi ya tarwatsa mu daga Khartum ne, ina da ƙuruciya da rawar kai, ban daɗe da gama karatu ba. Wata ƙaramar ƙungiya ta ba ni aikina na farko, fim na gaskiya ba wasan kwaikwayo ba, a kan matan da ke fita tun asuba su yi wankau a gidajen masu hali, su bar manyan 'ya'yansu mata da rainon ƙanne maimakon zuwa makaranta. An zaɓe ni ne don ina jin Hausa. Iyayena Hausawan yankin Jazira ne a nan Sudan, auduga suka tsinta har ƙarfinsu ya ƙare kafin mu dawo Umdurman, saboda haka ni a ganina babu mai koya mini talauci. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Bayan na sha yawo a Mayo, can kudancin Khartum, aka nuna mini gidan wata mai wanki da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da yamma na je, ta dawo aiki ke nan. Yaran sun wuni suna wasa, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙura, babbar yarinyar, wadda ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, tana goye da auta tana hura wuta. Nan take na gama zana fim ɗin a kaina. Da na yi wa matar bayani da Larabci sai ta noƙe, amma ina juyawa Hausa fuskarta ta saki.

"Ashe ke tamu ce, ya bitti, ɗiyata," ta ce. "To halas, shi ke nan, ku zo ran Juma'a, ita ce ranar da ba ni fita."

Ranar Juma'a da hantsi raksha, babur ɗin hayar nan mai ƙafa uku, ta sauke mu a bakin layinsu, ni da mai kyamara, wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba. Muna shiga gidan na tsaya cak. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa zanin gado a kan angareb, gadon igiyar nan da muke zama a kai, ga turaren wuta na tashi, ga jabana, butar dafa gahawa, a kan garwashi ƙamshin gahawa ya cika gida. Yaran sun jeru fes, an shafa musu mai, an yi wa yarinyar sabon kitso, rigarta ruwan ɗorawa ta sha guga. Na fi kowa sanin cewa a Mayo ruwa saye ake yi a wurin masu karo, amalanken nan da jaki ke ja, kuma na san abin da wannan yayyafin ya ci mata. Haka mahaifiyata take tarbar baƙi. Amma ni a ranar ba karramawa na gani ba, fim ɗina na ga an lalata, sai raina ya ɓaci.

"Inna, ba haka nake so ba," na ce. "Yadda na same ku rannan nake so."

"Ai rannan ba mu san da zuwanki ba, ɗiyata."

"To ki mayar musu da kayan da suke sawa kullum."

Ta dube ni ta dubi yaran. "Su ne a jikinsu. Ba su da wasu. Jiya na wanke na goge."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na shiga zuba mata bayani kamar rediyo. Na ce masu taimako idan suka ga yara tsaf-tsaf haka ba za su ji tausayi ba, in ba su ji tausayi ba kuwa yarinya ba za ta koma makaranta ba. Mai kyamara ya raɗa mini da Larabci cewa in bari mu ɗauke su yadda suke. Na ce masa shi nasa riƙe kyamara ne, ya bar mini nawa aikin. Har yau ina mamakin inda na samo wannan bakin.

Daga ƙarshe matar ta ce, "In dai don karatunta ne, yi abin da kika gani." Ta juya mana baya ta tsuguna gaban jabana tana fifita wutar da ba ta bukatar fifitawa.

Da hannuna na yaye zanin gadon. Na fita waje inda ruwa bai taɓa ba, na dumbuzo ƙasa, na shafa wa yarinyar a gaban riga da kafaɗu da ƙwauri, na bi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya. Ita da kanta take miƙo mini gefen rigar don ta sauƙaƙa mini. Abu ɗaya kawai ta tambaye ni, a hankali, tana kirana Hala, wato ƙanwar uwa: "Hala, Inna ba za ta yi faɗa ba?" Na ce ba za ta yi ba. Muka ɗauki abin da nake so, ya kuwa fito daidai yadda na zana. Da muka gama uwar ta mayar da zanin gadonta, ta zuba mana gahawa, ta raka mu har bakin layi tana sa mana albarka.

Bayan wata biyu aka nuna fim ɗin a wani zaure a Umdurman, bayan la'asar. Na aika raksha ta ɗauko uwar, ta zo da yarinyar, ta yafa farin tob, mayafin matan Sudan, da ko ɗigon tabo babu. Na zaunar da su kusa da ni ina ta jin daɗin kaina. Aka kashe fitilu. Da aka zo wurin da yaran suka bayyana cikin ƙasar da na shafa musu, sai na ji wata mata a bayanmu, cikin manyan baƙi, tana ce wa ƙawarta da Larabci, ba ta ko rage murya ba:

"Talauci daga Allah ne, amma ƙazanta fa? Tana wanke kayan mutane ta kasa wanke na 'ya'yanta. Ni dai irin wannan ba za ta taɓa mini kaya ba."

Duk mun ji, mu uku. Matar ba ta waiwaya ba, sai dai ta kamo hannun 'yarta ta riƙe a cinyarta. Kalma nawa ce zan juya in ce ni ce na shafa, da hannuna? Bakina da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya mutu murus. Tsoro nake kada a ce fim ɗina ƙarya ne. Na zauna ina zufa har aka kunna fitilu, aka kira sunana, na hau gaba na karɓi tafi har da murmushi. Kafin in sauko sun tafi. Wannan shirun ya fi shafa ƙasar ci mini rai, don na farko zan iya cewa wauta ce, na biyu kuwa da sanina na yi.

Na fi wata ban iya taka Mayo ba. Sai da na ji labarin wani da ya ga fim ɗin ya ɗauki nauyin karatun yarinyar da na ƙannenta, sannan na sami ƙafar zuwa, ina tunanin wannan alherin zai rufa mini asiri. Na same ta tana shanya. Ta shimfiɗa mini zani a angareb kamar kullum, ta kawo shayi. Na ce mata in ta yafe mini zan cire wurin daga fim ɗin, ko da yake ni da ita mun san an riga an rarraba shi, ya tafi inda hannuna ba ya kaiwa.

"Ma'alesh, ba komai, ya bitti," ta ce. "Yarinya ta koma makaranta, alhamdu lillahi, na gode." Ta matse wani zani ta yarfa shi a igiya. "Rigar nan wanki ɗaya na yi mata ta fita tas. Ta cikin fim ɗinki ce na rasa yadda zan yi in wanke."

Ba faɗa ta yi ba, ko muryarta ba ta canza ba, da ma zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Na kasa shan shayin, na zauna ina kuka a gidan matar da ni na ɓata mata suna, ita kuma tana ba ni haƙuri.

Yau ban san inda yaƙi ya jefa ta ba, ita da yaranta, amma fim ɗin yana nan, duk wanda ya kalla zai ɗauka ƙazama ce. Ni na jawo mata wannan. Tun daga nan ban ƙara taɓa ko tsinke a gidan da zan ɗauka ba. Yadda mutane suka zaɓi su tarbe ni, haka nake nuna su. Na koyi cewa wanda ya rasa komai, mutuncinsa ne abin da ya rage masa yana tattali, kuma ba ni da ikon ɗaukar shi in sayo masa tausayin mutane da shi, ko da kuwa taimakonsa nake nufi.