Kekuna Masu Karkatattun Tayoyi

Ina da shekara goma sha bakwai lokacin da kekunan suka iso unguwarmu Yelwa, a garin Mubi. Kafin nan ban san daɗin gudu ba. Shan inna ya kama ni tun ina goye, ƙafafuna biyu suka shanye, duk inda za ni sai a keken guragu mai tuƙin hannu, mai nauyi kamar amalanke. Ranar wasanni a makaranta, aikina tsaron takalman 'yan ajinmu a gindin dalbejiya.

Wadda ta kawo kekunan malamar motsa jiki ce da ta yi ritaya, 'yar Michika, doguwa mai murya kamar ta soja. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Wani tsohon ɗalibinta da ke Legas ne ya ji cewa wasu 'yan ƙwallon kwando masu wasa a kan keke sun sami sababbin kekuna. Ya roƙi tsofaffin, aka ba shi guda shida da ƙwallaye, ya sako su a motar kaya zuwa Mubi. Malama kuma ta bi gida gida tana neman masu hawa.

Da ta zo gidanmu, Baba ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Malama, da ƙyar fa muka raini yarinyar nan. In ta faɗi fa?"

"In ya faɗi ya tashi," in ji ta. "Baba, ka ba ni shi ranar Asabar kawai."

Baba ya yarda, amma da sharaɗin sai Kawu, ƙanen Inna mai walda a bakin kasuwa, ya duba kekunan tukuna.

Aka kai su shagonsa, ni ma na bi. Kawu ya zagaya su, ya tsuguna, ya girgiza kai. Tayoyin ba a miƙe suke ba, samansu ya karkato ciki, ƙasansu ya buɗe.

"Kash, kaya ne suka danne su a mota," ya ce. "Kar ki damu 'yata, kafin la'asar na miƙar muku da su."

Har ya kwance taya ɗaya sai ga Malama ta diro daga keke napep tana ɗaga hannu. "Oga, tsaya! Haka aka yi shi!" Ta ciro wayarta ta nuna masa bidiyon masu wasan, ta ce karkacewar ce take hana keken kifewa in an juya da sauri. Kawu ya kalla sau biyu, ya sosa ƙeya, ya mayar da tayar. Don ya wanke kunyarsa, shi ya ƙera mana kwanduna biyu da ƙarafan da za su riƙe su, ya kafa a filin siminti na wata firamare.

Ranar Asabar muka hallara mu shida, maza huɗu, sai ni da wata 'yar Maiha da ke zaune wurin gwaggonta. Malama ta ɗaure ni da bel a cinya ta ce, "Tura." Na tura da irin ƙarfin da nake tura tsohon kekena. Sai ga ni a tsakiyar fili, iska tana kaɗa hijabina, ina ihu ban san da me ake tsayawa ba. Na yi karo da 'yar Maiha, na kife. Kowa ya juyo yana kallona. Ina kwance a kan siminti, gwiwar hannuna ta goge, dariya ta hana ni numfashi. Na dafa ƙasa na tashi da kaina, kuma tun daga ranar ni da 'yar Maiha muka zama ƙawaye.

Sai da na yi wata biyu kafin ƙwallona ya shiga kwando. Kafin nan yawanmu ya fi ƙarfin kekunan, muna karɓa-karɓa, har Kawu ya kwaikwayi guda biyu da bututun ƙarfe da tayoyin keke. Sun yi nauyi, amma suna tafiya.

Wata Asabar wasu ɗaliban jami'a uku suka tsaya kallo, ɗayansu ya ce, "Ai wannan da sauƙi, a zaune ake yi."

Malama ta nuna masa keke. "Zauna."

Suka zauna, muka fito mu uku, ni da ƙawata da wani ɗan unguwarmu mai ƙafa ɗaya. Wayyo! In sun riƙe ƙwallo keke ya tsaya, in sun tura keke ƙwallo ya gudu. Ɗaya ya yi ta juyawa a wuri guda yana kiran abokinsa ya cece shi. Na jefa uku, ƙawata ta jefa biyu, su ko ƙarfen kwandon ba su taɓa ba. Masu babur da suka taru a bakin katanga suka dinga danna oda.

Da aka tashi, mai maganar nan ya matso yana haki, tafukansa sun yi jawur. "Yaya, don Allah," ya ce, "in na dawo mako mai zuwa za ki koya min juyawa?"

Na girme shi a filin ne kawai, amma na amsa sunan. Ya kuwa dawo, har da abokansa biyar.