Saƙon Malam Ummaru Direba na Ƙarshe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin ya same ni a tashar Ƙaura. Malam Ummaru direba ya rasu.

Mun fara lodi tare tun Zamfara tana sabuwar jiha. Shekarar da aka fara Shari'a babu waya a hannun kowa, sai muka yi alkawari: duk wanda ya sauka lafiya ya aiko wa ɗan'uwansa saƙo ta bakin direban da zai juyo. Saƙon kalma ɗaya ce, "jam".

Shi ya zaɓe ta. A bakin Fulanin kasuwar Shinkafi ya tsince ta, wurinsu lafiya ke nan. Na ce masa ai a Turancin direbobi jam karo ne ko cunkoso, wane irin fata ne wannan? Ya yi dariya ya ce, "Lawali, kai dai tsoro gare ka. Balarabe ma na da tashi jam ɗin, ita ta ba mu sallar jam'i. Biyu sun rinjayi ɗaya."

Waya ta zo, bai canza ba. Ya kira, ya ce jam, ya kashe, wai kati ba ruwan rijiya ba ne. Amma wannan marowacin kati shi ya yi ta kai mahaifiyata asibiti, ko kuɗin mai bai taɓa karɓa ba.

Jiya na gan shi yana ɗaure kaya zai tafi Zurmi. Ya miƙo mini ɓarin goro ya ce, "Sai ka ji ni."

Har magariba shiru. Na ɗora wa sabis laifi.

Ɗazu wani dattijon Bafulatani ya shigo tasha yana tambayar Lawali. Yana cikin fasinjojin jiya. Ya ce ƙirji ne ya riƙe Malam a hanya, ya lallaɓa ya faka a gefe, ya kashe mota, ya tambaya ko kowa lafiya. Sannan Malam ya riƙo hannun dattijon ya ce, "Baffa, in ka koma Ƙaura ka hwaɗa ma Lawali jam."

Nan na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Allah Ya gafarta maka, Malam Ummaru, Ya sauke ka lafiya kamar yadda ka sauke bayinSa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Saƙo ya iso.