Jaridar Yaya da Gadar Ƙauyenmu

Ko me zan manta a rayuwata, ban da shekarar da yayana ya dawo Kafanchan daga karatu a Amurka da zancen jarida a bakinsa. Ya jiyo yadda baƙaƙen fatar can suka kafa jaridun kansu, ma'aikatan jirgin ƙasa suna ɓoye su cikin kaya suna kaiwa garuruwan da ba a so a karanta, har mutane suka tashi neman 'yancinsu. Tun a tasha ya fara ba mu labarin, ko tuwo bai bari mun ci cikin kwanciyar hankali ba.

Mu kuwa damuwarmu gadar ƙauyenmu ce, can wajen Godogodo. Ruwa ya cinye ta, in damina ta sake sauka ba a gyara ba, cittarmu da masararmu sai dai su ruɓe a gida. Yaya ya ce jarida ce maganin. Da yake na iya tafireta, ni ya ɗora wa aikin.

Fitowar farko zafafan kalamai ne zalla, da Turanci mai karya haƙori. Ya nace sai an raba ta a ɓoye, alhali ba wanda ya hana. Masu ƙosai ne kawai suka yi murna, sun samu takardar ƙunshi.

A ta biyu fili ya rage a shafin baya, sai na cika shi da Hausa: wadda ta haihu, mawaƙan cocin da suka ci gasa, da karsanar wani Arɗo da ta ɓata. Yaya ya gani ya dafe kai. "Ke! Ina gwagwarmaya, kin mayar mini da ita hirar bakin rijiya?"

Ranar kasuwa sai ga shugabar zumuntar matan coci ta tare Yaya. "Ɗana, ina takardan nan da ya sa sunan jikana? Ka ba ni da yawa." Arɗo ma ya zo godiya, an ga karsanarsa. Aka juya shafin gaba aka fassara masa batun gada, ya ce, "Ai matanmu ma nan suke bi da nono." Tun bayan rikicin da aka taɓa yi a garin, gaisuwa kawai ke haɗa mutanensa da namu, amma tare suka cika motoci zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma kai kuka. Aka gyara gada kafin ruwan farko.

Yaya ya ce ai jaridun Amurkan ma haka suke yi, mantawa ya yi bai faɗa ba. Na yi dariya har da hawaye. Amma daga nan na gane mutane ba sa bin ka neman haƙƙi sai sun ga ka san da zamansu.