Ranar da Aka Kashe Ginin Marlene

Marlene Dombrowski ta shekara ashirin da ɗoriya tana gini a birnin Milwaukee, amma ko ƙusa ba ta taɓa bugawa ba. A hedikwatar wani kamfanin sayar da kayan gini take, cikin masu rubuta manhajar can ƙurya, wadda ke zaune a manyan kwamfutoci ba mai ganinta. Ɓangaren da ta gina ɗan sulhu ne: in shagonsu na jihar Ohio ya sayar da katako, shi zai gaya wa rumbunsu na jihar Iowa, ya tabbatar ko duka biyun sun rubuta, ko ba wanda ya rubuta. Irin aikin nan ne da in ya yi kyau ba a ma san da shi ba.

Abin yana ci mata tuwo a ƙwarya, musamman saboda mijinta Gil. Kafinta ne, kuma ba ya wuce barandar da ya kafa bai rage gudun mota ba. Sai ya nuna da haɓa, ya ce, "Tawa ce waccan. Injiniya, ke yaushe za ki nuna mana taki?" Takan yi dariya, amma maganar na sukarta.

Da ritayarta ta matso, shugaban sashensu, Trent, ya ce ginin nata ya tsufa, da alama ba mai amfani da shi. A sana'arsu ba a tsayawa dogon bincike; kashe abu ake yi a ga wa zai yi ihu. In ba wanda ya yi, sai a goge shi har abada. Aka sayo kek, aka ba ta girman danna maɓallin kashewa da kanta.

Ta danna. Shiru. Trent ya fara yanka kek, ita kuwa tsoro ya kama ta ƙwarai: ashe duk shekarun nan iska ta yi ta ginawa?

Sai wayar Trent ta yi ƙara. Sannan ta kusa da shi. Kan a ce kwabo ofis ya kaure da kiran waya: rumbun Iowa, shagunan Ohio, har da wani reshe a Dakota da kowa ya manta da shi. Marlene ta ja kujera ta ɗauki kek ɗinta.

Can tata wayar ta ɗau ƙara. Gil ne, yana huci a gaban mai karɓar kuɗi a wani shagon kamfaninsu, ya loda katako an hana shi fita da shi.

"Injiniya, kwamfutar mutanenku ta mutu. Wai me ya lalace ne?"

"Barandata ce, Gil," in ji ta. "Shekara ashirin da ɗoriya ke nan a kanta kake tsaye."

Trent na gefe yana roƙon ta kunna. Ta ce ya ɗan jira, mijinta bai gama kallo ba.