Ɗamarar Umma

Umma ta dawo daga aikin rage tumbi a shekarar da aka fara tsoron mata masu dogon hijabi a Maiduguri saboda 'yan ƙunar baƙin wake. Kafin tafiyarta likita ya ce kitsen da ke cikin jininta ya kai inda zai iya toshe mata jijiyoyin zuciya, ƙwayoyi kuma sun kasa. Bayan aikin ta zabge, fatar cikinta ta saki, shi ne aka ba ta wata faffaɗar ɗamara mai mannewa, tana ɗaurawa ƙarƙashin riga.

Ranar gwajin jini ni na raka ta daga unguwarmu ta Wulari. An ce kada ta karya, wai abinci yana ɗaga kitsen a awo. Ga rana, ga yunwa, ga tsohon hijabinta da yanzu zai ci mutum biyu. A shingen da ke kusa da asibiti aka sauke mu daga keke napep, kowa ya taka da ƙafa, hannu a sama. Umma tana tafe tana layi, gumi na tsiyaya.

Iska ce ta manna mata hijabin a jiki, shatin ɗamarar ya fito. Na ga idon wani saurayi cikin masu sintiri ya sauka a wurin. Ya faɗi wata magana da Kanuri, kafin in juya mutanen da ke gefenmu sun watse. Sojan da ke bayan buhunan yashi ya gyara riƙon bindiga, ya ce:

"Mama, tsaya nan. Kada ki taɓa jikinki."

Na yi ta cewa aiki aka yi mata, asibiti za mu. Saurayin ya ce ni in cire abin, suna kallo daga nesa. Umma, wadda ko ƙannen Abba ba su taɓa ganin gashinta ba, ta dube ni ta ce, "Cire, 'yar nan. Yi a hankali."

Na sa hannu na ja. Mannen ya ɓare da ƙara, kyaaat, sojan ya daka tsawa, wallahi na ɗauka harbin ke nan. Na yar da ɗamarar a ƙasa. Umma ta ɗage rigarta da kanta, ga ƙananan tabban aiki, ga fata ta ninke. Saurayin ya kau da kai, ya ce mu yi haƙuri, mu wuce.

Sakamakon ya yi kyau. Likita ya ce mugun kitsen ya sauka, mai amfanin ya fara hawa, ya rage mata ƙwayoyi, ya ce dai sai ta riƙa zuwa awo a kai a kai. Umma ta sunkuyar da kai. Ni kuwa har yau, in yaro ya ɓare mannen takalminsa kusa da ni, sai na nemi bango na dafa.