Ranar da Surukina Ya Zauna a Gaban Mota

Akwai ranar da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga raina. Ita ce ranar da na ɗauki surukina a 'yar ƙaramar motata, ana tsuga ruwa, daga Bagudo zuwa wata ruga da ke bayan iyakar Benin, don ya samu jana'izar ƙanensa.

Surukin nawa Bafulatani ne, dattijo siriri, mai kunya irin ta mutanen da. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin ƙwayar idonsa sosai ba. Idan na je gaishe shi a rugarsu ta wajen Sharabi, daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya kau da kai yana amsa wa wata bishiya da ke gefe. Sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba. Duk maganar da ta wuce gaisuwa, sai ta bi ta bakin surukata, ta faɗa kunnen matata, sannan ta iso gare ni ta riga ta huce. Ban taɓa jin haushin hakan ba. Haka na tarar ana yi, kuma gaskiya ni ma ya fi mini sauƙi.

Sana'ata sayar da takin zamani da maganin feshi a kasuwannin ƙauye. Motata irin ƙananan nan ce masu ja da tayoyin gaba. Tayoyin nata kuwa 'yan gwanjo ne da ake shigowa da su ta iyaka, kowace da ƙasar da ta fito, har abokaina kan tsokane ni su ce motata taron ƙasashe ce. Da damina ta kawo kai sai na daure na sayi sababbi guda biyu masu zurfin zane. Mai faci ya tambaye ni gaba za a sa ko baya. Na ce baya, tunda can buhunan taki ke zama. Ya ce hakan ma ya fi, domin a jiƙaƙƙiyar kwalta idan baya ya riƙe, mota ba ta juyawa da mutum. Na gaban kuwa sun suɗe, zanensu saura kaɗan ya ɓace, amma na ce za su kai ni kaka. Na bar wurin ina jin na gama shirin damina.

A makon ne matata ta haihu, surukina ya zo suna. Ya sauka gidan wani abokinsa a cikin gari, don ko ruwan duwatsu ake yi ba zai kwana a gidan suruki ba. Kashegarin suna da hantsi aka bugo waya cewa ƙanensa ya rasu a can rugarsu ta hayin iyaka. Sun ce za su jira shi har azahar, daga nan ba za su iya ajiye gawa ba. Tun asuba ake ruwa. Motocin haya ba sa shiga hanyar da damina, shi kuma gwiwarsa ba ta barinsa hawa babur. Matata tana ɗaki tana jego, ta kira ni ido jajur, ta ce wannan ƙanen shi kaɗai ya rage masa a cikin 'yan ɗakinsu, kuma tun da ya ƙetare da shanu sun daɗe ba su sa juna a ido ba. Na ɗauki makulli.

Da na tsaya ƙofar gidan da ya sauka, na fito na buɗe masa ƙofar gaba. Ya yi kamar bai gani ba. Ya zagaya ya buɗe ta baya, ya zauna daidai bayan kujerata, wurin da ko a madubi ba zan hango shi ba. Ya ɗora malafarsa a gwiwa, ya jingine sandarsa. Na yi masa ta'aziyya ina kallon sitiyari, ya amsa yana kallon taga. Na tayar da mota muka kama hanya.

Tun a kan kwalta motar ta fara gaya mini gaskiya. Bayan mun haye gadar Kwara ruwan ya ƙaru, waifa na kai da kawowa a kan gilas amma kamar ba ta aikin komai. Muka shiga wani wuri da ruwa ya kwanta a kan titi, sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Na murza shi kaɗan, motar ta ci gaba da tafiyarta miƙe kamar ba da ita nake ba. Allah ya taimake ni ban taka birki ba, na dai ɗage ƙafa daga totur har na ji tayoyin sun sake kama ƙasa. Daga nan na kunna fitila, na rage gudu ƙwarai, ina goge gilas da hannun riga saboda ya yi hazo daga ciki. Carbin dattijo kawai nake ji yana ƙas-ƙas a bayana.

Inda muka bar kwalta hanya ta rabu biyu. Ta hagu ta ratsa fadama, ita ce gajera, kuma ita nake bi da rani idan zan kai taki kasuwannin bakin iyaka. Ta dama burtali ce, hanyar shanu, da ta hau tudu ta yi zagaye, ban taɓa bin ta ba. Na karya hagu. Sai na ji gyaran murya daga bayana. Na ɗan saurara, ban ji magana ta biyo baya ba. Muka ƙara gaba ya sake yin gyaran murya, wannan karon da ɗan ƙarfi. A raina na ce bawan Allah kuka yake haɗiyewa, ba ya so surukinsa ya ji. Don in rufa masa asiri har rediyo na kunna ƙasa-ƙasa. Yau idan na tuna wannan rediyon, dariya da takaici ne suke zo mini tare.

Ba mu yi nisa ba ƙasa ta sauya daga ja zuwa baƙa. Wanda bai san baƙar lakar fadama ba zai zaci wasa ce. Tana kama taya ta cike ɗan zanen da ya rage, sai tayar ta koma sumul kamar an shafe ta da man shanu. Na sa giya ta biyu ina lallaɓawa, gaban motar na karkata nan da can, har muka zo wani ɗan kwari. Nan ta tsaya. Na taka totur, tayoyin gaba suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna feso laka har saman gilas. Na gwada baya, haka. Duk takawar da na yi sai ta ƙara nutsewa. Na kashe ta na fita cikin ruwa. Abin haushin, ga sababbin tayoyina can a baya, zanensu raɗau, suna zaune ba su da aikin yi. Na duba waya don in roƙi mutanen rugar su ƙara jira, babu sabis ko ɗigo. Babu kowa a fadamar sai balbelu.

Ina tsaye ina zagaya mota sai na ji ƙofar baya ta buɗe. Dattijo ya fito yana dogara sanda, ya tsaya ya ba ni baya, ya dubi motar. Da ita ya yi magana, ba da ni ba.

"Wagga ƙasa ko saniya ba ta son ta da damana," in ji shi. "Burtali anka sani."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, ashe kun san hanyar?"

"Nan na yi ƙuruciyata. Na yi gyaran murya."

Kunya ta rufe ni, amma ba lokacinta ba ne. Na ce masa dabara ɗaya ta rage, a ciro tayoyin baya a mayar gaba, tunda da gaba motar ke ja, kuma ba zan iya ni kaɗai ba. Na san abin da yake aunawa: ya tsuguna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yarsa cikin taɓo, ko kuwa a rufe ƙanensa yana nan tsaye. Sai na ga ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke ta a kan kujera, ya naɗe ƙafar wando.

"Mi za ni kamawa?" ya tambaya.

Ban san akwai wahala irin ta ɗaga mota a cikin laka ba sai ran nan. Jak na sawa yana nutsewa. Na ciro katakon da ke shimfiɗe a but ɗin mota na sa a ƙarƙashinsa, shi ma ya fara lumewa. Dattijo ya ɗingisa ya saro rassan geza da 'yar wuƙarsa, muka jera su, muka ɗora katakon a kai, sannan jak ya samu wurin tsayawa. Na ciro tayar baya na sa ta ko-ta-kwana a gurbinta, na kai sabuwar gaba, haka muka yi ta zagaye motar ƙafa bayan ƙafa. Duk notin da na kwance sai ya miƙo malafarsa in jefa a ciki, don idan ya faɗa lakar nan ya tafi ke nan. Shi ke riƙe taya ina ɗaurewa. Sau ɗaya sifanar ɗaure noti ta kuɓuce na faɗi zaune daɓas cikin taɓo, na ji wani ɗan sauti ya fito masa ta hanci. Har yau ina kyautata zaton dariya ce.

Da muka gama na rage wa tayoyin gaba iska kaɗan don su ƙara faɗi, muka shimfiɗa sauran rassan a bayansu. Ruwa ya ɗan tsagaita, amma ko ba rana na san lokaci ya ja. Na ga ya nufi ƙofar baya, sai na yi ta maza.

"Baffa, ku yi haƙuri ku dawo gaba. Ban san burtali ba, kuma daga baya ba ku ganin ƙasa."

Ya tsaya riƙe da ƙofa. Can ya sake ta, ya zagayo ya zauna kusa da ni, ya manne da ƙofa kamar kujerar na da ƙaya. Na tayar, na sa giyar baya, na ɗan taɓa totur a hankali. Motar ta yi rawa, rassan suka yi ƙara, sai na ji ta ciji ƙasa ta fito. Da baya da baya muka koma har inda jar ƙasa ta fara.

A burtali na ji muryar surukina fiye da duk abin da na ji a shekarun aurena. "Bi dama." "Kauce ma wanga ruwa, rami na." "Inda ka ga tsakuwa taka, kak ka ji tsoro." Ni kuma ina gaya masa inda motar ba za ta iya hawa ba saboda cikinta ƙasa-ƙasa ne, sai ya sake mana wani wurin. Bayan motar, da ya koma kan suɗaɗɗun tayoyi, yana ta wutsil-wutsil a duk kwana, dole na tafi kamar mai rakiyar amarya. Muna cikin haka ya nuna wani dutse da sanda ya ce daga nan Dahome ce, don shi har ya bar duniya bai koyi cewa Benin ba. A wajen dutsen ya ce nan shi da marigayin suke zama suna gasa gyaɗa idan shanu sun kwanta.

Ba mu samu sallar ba. Da muka isa rugar mata kawai muka tarar, wata tsohuwa ta nuna mana bayan gari da hannu. Muka bar mota muka taka, yana ɗingishi yana sauri har ina ƙoƙarin cim masa. Mun tarar an riga an sa shi a kabari, an jera itace a kai, ana cura laka ana toshe kafofin itacen kafin a tura ƙasa. Bai ga fuskar ƙanensa ba. Mutane suka dube mu, mu biyu baƙi ƙirin da taɓo tun daga kai har ƙafa, suka dare masa. Ya durƙusa a bakin kabarin da wannan gwiwar tasa, ya miƙa hannu aka ba shi curin laka. Hannun nan da lakar fadama ba ta gama bushewa a kai ba, da shi ya toshe kafar da ta rage, ya shafe ta a hankali, ya daɗe yana shafawa. Ni ne na kasa daurewa, na koma bayan mutane na yi kukana.

Na sha lissafawa a raina. Da tayoyin gaba na da zane, wataƙila da mun ratsa fadamar. Da ya buɗe baki a mararraba, ko da ni na waiwaya na ce Baffa wace za mu bi, da mun isa har mun zauna jiran liman. Ba wanda ya taɓa ɗora wa wani laifi a cikinmu. Kwana biyu muka yi a can. Ranar komawa na riga shi zuwa mota na buɗe ƙofar baya, ya wuce ta ya buɗe ta gaba da kansa. Da muka iso kwalta ya dubi gilas ya ce, "Malam, ka sai ma ta sauran takalman." Ban kai shi masauki ba sai da muka tsaya wurin mai faci.

Tun daga shekarar ban sake shiga damina da rabin shiri ba. Ƙaramar mota ba ta da nauyin da zai danne ta a ruwa, ba ta da tsayin da zai raba ta da laka, zanen tayarta kawai ta dogara da shi. Saboda haka huɗun nake dubawa, girmansu ɗaya, zanensu da zurfi, kuma na daina yarda da taya don kawai ba ta yoyon iska. Kunya kuwa ban yar da ita ba, har ya rasu ina tuɓe takalmi daga nesa. Amma na koyi cewa idan tafiya ta haɗa ka da wanda ya san ƙasa, ka tambaye shi tun a mararraba, ko da kuwa surukinka ne. Yanzu duk wanda na ɗauka a mota, in na ji ya yi gyaran murya, rediyo nake kashewa in tsaya.