Kawu Buba da San Dutse

Duk wanda ya san Kawu Buba na Runjin Sambo ya san ba ya wuce bijimin sa sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora. Ko san wane ne! Dillalin shanu ne, kuma haƙurinsa bai kai ƙwayar gero ba. In liman ya ja sura, sai ka ji gyaran muryarsa daga sahun gaba.

Da ciwon hanta ya tsananta masa, ni na raka shi Indiya. Ranar da likita ya ce mu koma gida a ci gaba da lallaɓawa, na rasa inda zan sa raina. Shi kuwa cewa ya yi, "Tashi mu tai kallon gari."

Direbanmu ya tsaya a bakin wani wurin bautar mutanen garin. Ga ƙaton sa na baƙin dutse a durƙushe, an rataya masa furanni. Kawu ya dubi tozon ya ce, "Wanga ai gudale na, irin shanunmu na gida! Wa yak kawo shi nan?" Kafin in ankara ya miƙa hannu wajen bakin. Na cafke masa riga.

"Kawu, abin girmamawarsu ne fa!"

"Ni ba bauta niz zo ba. Shekarunai nika biɗa."

Ya ga mutane suna yi wa san raɗa a kunne. Direba ya ce buƙatunsu suke faɗa, ya isar wa ubangijinsa. Kawu ya ce, "Tun ina yaro nika yi ma shanu magana, babu wanda yat taɓa kai min saƙo."

Sai ya tambaya me ya sa san ya ba masu shigowa baya. Direba ya ce ɗakin ubangijinsa yake fuskanta, jira yake, ba ya waiwaye. Kawu ya sake duban san, sannan muka koma masauki.

Da muka dawo Sakkwato, gyaran murya ya ɓace. Liman ya damu, ya tambaye shi ko lafiya.

"Awo, Malam. Ja abinka. Dutse ma ya iya jira."

Ranar ƙarshe, bayan la'asar, ya ce in juya masa gado ya fuskanci alƙibla. Ina jan gadon a hankali, ya harare ni.

"Yi sauri, yaro. San dutse bai hi ni sanin inda za ni duba ba."

Saurin da ya sa ni na ƙarshe ke nan, kuma har yau ina kewarsa. Ya Allah, Kai ya fuskanta, Kai ya jira. Ka karɓe shi da rahama.